Ma'aunin Aro: Wane Ne Ya Ce Sinanci Ya Fi Wuya?

Ya kamata a daina yaɗa hukuncin nan da ake maimaitawa kamar karatun aku, wai Sinanci ya fi kowane harshe wuya saboda karin sauti, Koriyanci kuwa sha-yanzu-magani-yanzu ne saboda haruffansa. Hukunci ne na aro, kuma yana kashe gwiwar ɗalibi da ɗan kasuwa mai niyyar Guangzhou.

Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Sinanci da Japananci da Koriyanci, har da Larabci, a rukuni mafi wuya, mai cin sa'o'i 2,200 na aji. Amma da kunnen mai jin Ingilishi aka yi awon. Shi ne yake ruɗewa idan aka ce masa "ma" na iya zama uwa ko doki gwargwadon hawa da saukar murya. Bahaushen da ya bambance kukan yaro da kukar miya tun yana goye ba baƙo ba ne a nan. Sautukan Sinanci huɗu sai an koye su, amma kunnensa a shirye yake. Jimlar ma tana jera mai aikatawa, aiki, sannan abin da aka aikata wa, kamar tamu, kuma aikatau ba ya sauya siffa. Wahalar Sinanci tana ga rubutu, inda karanta jarida ke bukatar alamomi wajen dubu uku.

Koriyanci ƙofarsa ce mai faɗi. Haruffa 24 ne a Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, kuma mako guda ya isa a iya haɗa baƙi. Daga nan hawan ke farawa: aikatau yana ƙarshen jimla, yana sauya wutsiya bisa shekaru da matsayin wanda ake yi wa magana.

Japananci ya haɗa nauyin biyu. Yana da hiragana da katakana, kowanne 46, ga kanji 2,136 na yau da kullum, yawancinsu da karatu fiye da ɗaya, ga matakan girmamawa. Furucinsa kuwa mai sauƙi ne ga wanda ya san garin tuwo daban da garin Kano, domin tsawon wasali ne ya raba obasan, goggo, da obaasan, kaka.

Saboda haka wanda ciniki ya dama, ya fara da Sinancin baka ba tare da fargaba ba. Wanda zai zauna jarrabawar jami'a a Tokyo kuwa, ya ware wa kanji shekaru.