Gara manhaja ta ce "ban gane ba"

Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, ba ta da kara, kuma nan ne alherinta yake. Mai shirya manhaja ya rubuta git push --dry-run, sai ta nuna masa abin da za ta tura ba tare da ta tura komai ba. In ya liƙa wannan zaɓin a jikin umarnin git reset --hard, wanda ba shi da wannan zaɓin, nan take za ta tsaya cak, ta ce ba ta gane zaɓin ba, ta fita da lambar kuskure 129. Da ta kau da kai ta ci gaba, da gyare-gyaren yini guda sun bi ruwa, shi kuwa yana zaton gwaji yake yi.

Ita kuwa manhajar kubectl ta Kubernetes wani lokaci takan yi shiru. A ba ta zaɓin -n a jikin umarnin get nodes, sai ta karɓa ta jefar, domin zaɓin bai shafi wannan umarni ba.

Masu kare shirun suna cewa yana sauƙaƙa rubuta umarnin da ke gudana da kansa. To, amma ai irin wannan umarni shi ke aiki da tsakar dare ba mai kallon allo, kuma lambar kuskure ce kaɗai za ta iya tsayar da shi.