Masu aiki a Japan, ku kira 119 kafin ku kira ɗan garinku

Wannan ɗabi'ar ta ishe mu. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a ɗaki, sai a tsaya neman wani ɗan gari a WhatsApp wai ya fi jin Japananci. Shi likita ne? Kafin ya taso daga Saitama ai an yi asarar rai.

119 ita ce lambar motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, 110 ta 'yan sanda. Masu cewa za a caje ku, ko za a kama ku, ku ji tsoron Allah. Motar kyauta ce, kuɗin magani ne ake biya a asibiti, kuma masu zuwa ma'aikatan kashe gobara ne, ba 'yan shige da fice ba.

Idan an ɗauka ka ce "kyukyu desu", wato mara lafiya, sannan ka faɗi adireshi. Ba ka san inda kake ba? Duba jikin injin sayar da lemo, galibi an liƙa adireshin wurin.

Kuma layin data zalla ba ya kiran 119. In shi gare ka, ka roƙi maƙwabci ko mai kanti ya kira.