Sharhi: Yaron da ke ƙera motar kara ba shashasha ba ne

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa da la'asar zai tarar da yara a gindin katanga sun duƙufa kan aikinsu. Wannan ya feƙe karan dawa ya haɗa babbar mota har da madubi, wancan ya yanke tsohon silifa ya yi wa gwangwanin madara ƙafafu, yarinya kuwa ta kwaɓa laka ta gina tukunya da murhunta. Babu wanda ya koya musu, babu wanda ya ba su ko dala. Amma da gari ya waye suka shiga lakol, in aka kama ɗayansu yana zanen raƙumi a bayan littafin rubutu, sakamakonsa tsawa ne, wani lokaci har da bulala.

A bisa takarda, tsarin karatun firamare bai manta da wannan fanni ba. Akwai zane, akwai waƙa, akwai ayyukan hannu da malamai suka sani da sunan APP. Sai dai kowane uba ya san gaskiyar abin da ke gudana a aji. Sa'ar zane ita ce ake fara yankawa in an makara, ko in yajin aiki ya cinye watanni, ko in jarrabawa ta matso. Malami ba shi da laifi shi kaɗai, domin da sakamakon lissafi da Faransanci ake auna shi. Abin da mai duba makarantu ba ya tambaya, malami ba zai ɓata allinsa a kai ba.

Hujjar da aka saba ji ita ce rashin kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, littafi da fensirin launi da ake shigowa da su suka fi ƙarfin talaka. To amma yaushe magabata suka jira fenti daga Faransa? Waɗanda suka sassaƙa raƙuman dawa a duwatsun Dabus, arewa da Agadas, shekaru dubbai da suka wuce, dutse suka samu a gabansu. Maginan da suka ƙawata fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram da ƙasa suka yi aiki. Masu ginin tukwane na Mirya da masu saƙar tabarma na Madawa ba su taɓa jiran taimakon wata ƙasa ba. Laka, kara, kaba, gawayi da farar ƙasa suna nan a bayan kowace makaranta, kyauta.

Tarihin ƙasar nan ma ya isa darasi. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga a 1942, tun yana yaro yake tara abokansa yana nuna musu inuwar hotunan da ya yanka, da hasken fitila. Wannan wasan yara shi ne ya kai shi ga fim ɗin zane na 1965 a kan mutuwar Ganji, wanda ake lissafawa cikin na farko irinsa a Afirka, sannan a 1966 ya yi wani inda ya mai da kwaɗo shugaban ƙasa, ya yi wa masu mulki ba'a cikin hikima. Ya zauna a Tawa shekaru da dama, ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa. Abin tambaya shi ne: ina amfanin rubuta sunan mutum a ƙofar gini, alhali yaron da ke yin irin abin da ya yi ana kiransa mai ɓata lokaci?

Ƴan kasuwa su ne ya kamata su fi kowa fahimtar wannan magana. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai, amma mafi yawanta ɗanya ko rabin jima take barin ƙasa, wasu su mai da ita takalmi da jaka, su ci ribar. Abin da ke tsakanin fata da jaka ba komai ba ne illa ido da ya iya hango siffa, da hannu da ya iya fitar da ita. Lokacin da Alfadi ya tara manyan masu ɗinki na duniya a hamadar Tigidit a 1998, abin da ya nuna musu aikin dukawa ne da maƙera da masaƙa. Kafinta, tela, magini, mai walda, har injiniyan da ke tsara gada, duk da zane suke fara aikinsu. Makarantar da ba ta koya wa yaro komai sai maimaita abin da aka rubuta a allo, masu jiran aikin gwamnati take yayewa, gwamnati kuwa ta daɗe da sanar da cewa ba ta da kujerar kowa.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari saboda addini, kuma damuwarsu ba abin rainawa ba ce. Sai a tuna musu da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da adon hula da na babbar riga, da zanen ƙwarya. Fagen yana da faɗi, ba sai an taɓa abin da malamai suka yi saɓani a kai ba.

Abin da ake bukata bai kai a kira taron ƙasa ba. Na farko, ma'aikatar ilimi ta umurci masu duba makarantu su riƙa tambayar aikin hannun yara kamar yadda suke tambayar lissafi. Na biyu, makarantun horon malamai su ba wannan fanni lokacinsa na gaskiya. Na uku, kowane darekta ya nemi baduku, masaƙi ko mai ginin tukwane na garinsa ya shigo aji ko da sau ɗaya a wata, ƙungiyar iyayen yara ta sallame shi. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya daɗe da nuna cewa masu sana'a na iya aiki a gaban jama'a, masu kallo su ƙaru. Na huɗu, attajiran da ke ba da kofi a wasan ƙwallo da kokawa su ware ƴan jikkuna don gasar zane da ƙira a ƙarshen shekarar karatu.

Ƴan magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka hana ƙera motar kara yana da shekara 8, kada a zarge shi in ya kai 25 yana zaune a bakin tasha yana jiran kayan da wasu suka ƙera. Kafin komawa makaranta ta gaba, ya rage ga hukuma da iyaye su mayar wa yara sa'arsu.