Koke Kan Sinadarin Fulorayid a Ruwan Shanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Mu masu unguwanni da iyayen yara na ƙauyukan gindin dutse muke kawo kukanmu kan ruwan burtsatsen da muke sha.

Ruwan garai-garai yake, ba wari, ba bauri, shi ya sa muka daɗe ba mu zarge shi ba. Amma yaran da suka tashi da shi haƙoransu sun rine kamar na tsohon maci goro, wasu har suna gutsurewa. Ma'aikatan lafiya sun ce fulorayid ne, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Namu nawa ne? Ɗan kwangila ya haƙa, an yanka kintinkiri, takardar gwaji kuwa har yau ba mu gan ta ba.

Tsoronmu ya wuce haƙori. A Tibiri ta jihar Maraɗi, irin wannan ruwa ya lanƙwasa ƙafafun yara masu yawa kafin a farga. Matanmu suna ta ƙona itace suna tafasa ruwa, alhali tafasawa ba ta fitar da fulorayid, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Abin takaici, maganin ba mai tsada ba ne. Ƙashin shanu da ake zubarwa a mahauta, in aka ƙona shi a rufaffiyar tanda aka daka, gawayinsa yana kama fulorayid idan ruwa ya ratsa ta ciki. A Nakuru ta ƙasar Kenya sun daɗe suna amfani da shi. Masu ƙyanƙyami kuwa, ƙashin dabbar da aka yanka ne, a tara malamanmu su yi bayani.

Muna roƙo a gwada kowace rijiya, a liƙa sakamakon a jikin famfo. Inda ya haura ƙa'ida, a kafa matata, a fara da makarantu. Sai dai gawayin nan yana ƙoshi ya daina aiki, ido kuma ba ya ganewa. Don haka kada a kafa a tafi: a horar da matasanmu aikin ƙona ƙashin, a naɗa ma'aikacin da zai riƙa zuwa da abin awo yana sauya gawayin a kan kari.

Muna neman a ba mu ranar zuwan masu gwajin a rubuce.

Naka masu biyayya,
Masu unguwanni da iyayen yara