Goro a gaban na'ura

Fatake sun daɗe da sanin goro na korar barci. Kafeyin da ke cikinsa shi ke toshe wani gurbi a ƙwaƙwalwa, inda sinadarin adenozin kan sauka ya kawo gyangyaɗi. A 2008 masana suka gano siffar gurbin. Yanzu na'ura mai ƙwaƙwalwa kan gwada dubban sinadaran itatuwan magani a kansa, kamar mai neman mabuɗin kwado, tun ba a taɓa ko ɓera ba.

Sai dai hasashe ne kurum. Na'urar ba ta tabbatar da awon da zai ɓata hanta ko ya tada hawan jini. Direban da ke sayen ƙullin maganin gajiya a tashar Maraɗi, har yau bakin mai talla ne shaidarsa.