Wata Takwas Da Suka Zama Shekara Ashirin

A cikin shekarar 1982 likitoci suka yi wa wani shehin malami na Jami'ar Harvard ta Amurka, mai suna Stephen Jay Gould, aikin tiyata, suka tarar da wani irin ciwon daji a cikinsa wanda ba kasafai ake samunsa ba. Shekarunsa 40 a lokacin. Da ya ɗan murmure sai ya nufi ɗakin karatu ya binciki littattafan likitoci, ya iske an rubuta cewa wa'adin tsakiya na masu wannan cuta wata takwas ne.

In da wani ne, da sai ya fara wasiyya. To, amma shi malamin ya saba da lissafin ƙididdiga, ya san abin da adadin yake faɗa da abin da ya yi shiru a kansa. Idan aka jera majinyata bisa tsawon kwanakin da suka yi, wanda ya faɗo daidai tsakiyar layi shi ne mai wata takwas. Watau rabi sun rasu kafin nan, rabi kuwa sun wuce nan. Sun wuce da nawa? Adadin bai faɗa ba.

Mai karatu ya tuna da tsibin hatsi a masussuka. In babu iska, tsibin yakan tashi da tozo a tsakiya, ya gangara dama da hagu daidai wa daida. Haka wasu awon suke. Lokacin da Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, ya duba awon ƙirjin sojojin Sikotlan 5,738, ya ga galibinsu sun taru wajen inci 39 da 40, masu faɗi da masu ƙanƙanta suna raguwa kusan bai ɗaya. A irin wannan tsibi, matsakaicin da akan samu ta tarawa da rabawa yakan zo daidai da na tsakiyar layi, ko wanne aka ɗauka ba a yi ɓata ba.

Amma in iska ta kaɗa, tsibin yakan ja wutsiya gefe guda. Wannan shi masana ke kira karkata, kuma Karl Pearson na Ingila ya yi dogon rubutu a kanta a 1895. A nan ne adadi ɗaya yakan yaudari mutum. Misali, a ce magidanta goma ne a ƙauye, tara kowa ya sami buhu 10, na goman ya sami 410. Jimla 500, matsakaici buhu 50. Ma'aikacin da ya kai wannan rahoto bai yi ƙarya ba, duk da haka ya zalunci gida tara, domin mai rabon agaji zai tsallake ƙauyen alhali na tsakiyar layi buhu 10 gare shi. Lalle duk rahoton da ya ba da matsakaicin dukiya ko albashi shi kaɗai, ya cancanci a yi masa kallon tuhuma.

Gould ya lura cewa kwanakin majinyata ma haka suke karkata. Ta hagu akwai bango, don ba mai rasuwa kafin a gano cutarsa ya shiga lissafi, saboda haka rabin farko sun cunkushe cikin wata takwas kacal. Ta dama kuwa babu bango, wutsiyar ta miƙe shekaru. Ya auna halinsa: ga ƙuruciya, ga an gano cutar da wuri, ga magani mai kyau. Sai ya kyautata zaton yana cikin wutsiyar.

Ya rubuta labarin a wata maƙala a 1985, wadda masu jinya da yawa suka riƙa karantawa. Ya ci gaba da koyarwa da wallafa littattafai har 2002, lokacin da ya rasu da wani ciwon daji dabam, na huhu.