Kogi Biyu Gare Mu, Ina Ruwan Sha?

Jama'ar Dinder, Suki, Karkoj da Mai Wurno.

Ɗan'uwa, kafin ka karɓi buhun sukarin zaɓe, leƙa randar gidanka. Ga kogin Dinder, ga Shuɗin Nilu, amma da rani matarka tana tonon yashi a cikin busasshen kogi, ko ta sayi ruwan kura da kuɗin cefane. Da damina kuma ruwan ya sauko daga duwatsun Habasha, ya shigo har ɗakin kwana. Jam'iyyar Mu'utamar Watani da magabatanta sun riƙe ƙasar nan daga 1989 zuwa 2019. Wa za su ɗora wa laifi?

Ka san ƙasarmu, baƙar laka ce. Ta tsage da rani, ta riƙe ruwa da damina. Idan ambaliya ta zo, masai ya cika ya tumbatsa, ƙazanta ta bi ruwa ta faɗa rijiyar da bakinta yake daidai da ƙasa. Ambaliya ta janye, rijiya ta koma fes a ido, cutar tana ciki. Daga nan sai amai da gudawa, kuma yara ne kan gaba wajen tafiya.

Ba labari muke ba ka ba. A watan Agusta 2016 cutar ta ɓulla a jihar Shuɗin Nilu, ta bi ƙasar nan jiha-jiha har 18. Sama da mutum 36,000 suka kamu, sama da 800 suka riga mu gidan gaskiya. Me hukuma ta yi? Ta hana a kira ta da sunanta. Wai ba kwalara ba ce, gudawar ruwa ce kawai! Uwa tana wanke gawar ɗanta, su suna gardamar suna a Khartum, don kada baƙi su ji kunyarsu.

Kada su ce maka babu kuɗi. A 2013 sun ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aka yi biki, aka yanka shanu. Wanda ya iya ɗaga bango a kan Nilu, ɗaga bakin rijiya ne zai gagare shi? Buhunan siminti kaɗan ne da murfi. A Hasahisa kuwa, maganin ƙwarin gonakin auduga da ya lalace binne shi aka yi a ƙasa, ƙasar da mutane ke haƙa rijiya a cikinta. Manomin Jazira bai isa a tambaye shi ba.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari, ka riƙe takardar nan ka kama mu da ita. Kowace rijiyar gari za a ɗaga bakinta, a dafe kewayenta da siminti, a rufe. Ba za a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga rijiya ba, kuma wanda ba shi da hali hukuma ce za ta taimaka masa ya matsar da nasa. Duk ƙarshen damina a gwada ruwan kowane donki da kowane hafir, a zuba kulorin, a liƙa sakamakon a ƙofar masallacin Juma'a. Shingen ƙasa na bakin kogi a gyara shi kafin ruwan fari. Kuɗin ruwa da mahalliyya ke karɓa, a karanta wa jama'a inda ya tafi.

Kakanninmu sun baro Burmi a 1903, suka sari dajin nan, suka haƙa rijiyoyinsa da hannunsu. Ba bara muke yi ba.

Ke uwa, ke kika san nisan rijiya, kada ki bari a yi zaɓen nan ba ke. Je ki yi rajista, ki ja maƙwabciyarki. Idan ɗan takararsu ya zo da mota da lasifika, ku ɗebo masa ruwa daga rijiyar unguwa a kofi, ku ce bismilla, ya sha a gabanku.